Tsohuwar Kwandalar Azurfa Da Shaidar Da Ke Cikin Tsagarta

A shekarar 1888, a gidan buga kuɗi na birnin New Orleans da ke ƙasar Amurka, ɗaya daga cikin hatiman ƙarfen da ake buga dalar azurfa da su ya soma tsagewa. Tsagar ta faro ne daga bakin hatimin, siririya kamar silin gashi, amma ba a cire shi daga aiki nan take ba. Aka ci gaba da bugu, ita kuwa tana ta tafiya tana ƙara faɗi, har ta ratsa fili ta hau kan hanci da kuncin hoton matar da ke jikin kuɗin. Duk kwandalar da ta fito daga ƙarƙashin wannan hatimi ta fito da wani layi mai tudu a fuska, kamar wadda aka yi wa shasshawa. A yau masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi suna kiran wannan dala da wani laƙabi mai ma'anar "mai tabo a fuska", kuma kuɗin da ake sayenta ya ninka na lafiyayyar 'yar'uwarta ta wannan shekara sau da yawa.

Duk wanda ya saba da kasuwa zai ce wannan abu ya yi kama da taɓin hankali. Tukunyar da ta tsage araha take yi, ƙwaryar da aka ɗinke ba ta kai sabuwa daraja ba, to yaya za a yi aibi ya zama abin ƙarin kuɗi? Tambayar tana kan hanya, kuma cikin masu wannan sha'awa akwai waɗanda suka cancanci a yi musu dariya. Amma duk da haka ra'ayin wannan shafi shi ne, mutumin da ya zauna da gilashin ƙara girma yana bin diddigin tsaga a jikin tsohuwar kwandala, aikin kimiyya yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Yana lura, yana kwatantawa, yana jera hujja kafin ya yanke hukunci. Irin wannan tarbiyya ce ɗakunan gwaje-gwaje na makarantun sakandare da yawa suka kasa bai wa ɗalibai saboda rashin kayan aiki, alhali kuwa abin da ake bukata domin koyonta yana iya kasancewa a ƙulle cikin adakar wata tsohuwa a gidan su ɗalibin.

Yadda ƙarfe ke gajiya

Kafin a fahimci tsaga, sai an san yadda ake buga kuɗi. Ba zuba narkakkiyar azurfa ake yi a cikin wani mazubi ba. Ana yanko faifan azurfa ne mai sanyi, marar zane, a ajiye shi tsakanin hatimai biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne da zanen da aka sassaƙa a jikinsa a juye kuma a lotse. Sai inji ya haɗa su da ƙarfin gaske. Wajen buga babbar dala, nauyin matsin yakan wuce tan 100. A ƙarƙashin wannan matsi azurfar takan malala kamar tuwo, ta shiga kowane lungu na zanen, ta cika shi. Saboda haka duk abin da yake rami a jikin hatimi, tudu yake zama a jikin kwandala.

Shi hatimin kuwa, kafin a sa shi aiki sai an gasa shi a wuta ya yi ja, sannan a tsoma shi a ruwa ko mai domin ya yi tauri. Maƙeran gargajiya sun san wannan tun kafin zuwan boko, kuma sun san sharrin da ke tattare da shi: ƙarfen da ya cika tauri ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Hatimi yana shan bugu dubu bisa dubu. Babu bugu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya fasa shi, amma kowanne yana barin 'yar illar da ido ba ya gani. Illar ba ta bazuwa daidai wa daida, takan taru ne a wuraren da zane ya yi kusurwa mai kaifi, kamar ƙarshen harafi, ko tsinin tauraro, ko kusa da baki inda ƙarfen ya yi siriri. Daga nan ne tsaga takan tsiro, kuma da zarar ta tsiro, bakinta mai tsini shi ne ke zama sabuwar matattarar matsi, sai ta riƙa ci gaba kaɗan-kaɗan da kowane bugu. Abin da ya sa ke nan a jikin tsofaffin kuɗi ake yawan ganin tsaga ta bi kawunan haruffa tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, kamar zaren da aka shiga da shi cikin ƙwayoyin carbi.

Masana kimiyyar ƙarfe suna kiran wannan hali gajiyar ƙarfe, kuma ba a gane shi da arha ba. A 1842 sandar da ke riƙe da ƙafafun kan jirgin ƙasa ta karye a kan hanyar Basai zuwa Faris, mutane da yawa suka hallaka. Wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru tsakanin 1850 da 1870 yana juya irin waɗannan sanduna a inji yana ƙirga yawan juyin da kowace za ta jure kafin ta karye, har ya tabbatar da cewa maimaita ƙaramin nauyi yana karya ƙarfen da babban nauyi na lokaci ɗaya bai karya ba. A 1954 kuma jiragen sama biyu na Ingila samfurin Comet suka tarwatse a sararin sama kusa da Italiya. Da aka nutsar da gangar jikin wani irinsu a cikin katafaren tankin ruwa ana ƙara matsi ana ragewa, sai aka ga tsaga ta faro daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikin jirgin. Dokar da ta kayar da waɗannan jirage ita ce ta tsaga hatimin New Orleans. Bambancin kawai shi ne, jirgin da ya tarwatse ba ya barin bayanin yadda tsagarsa ta girma rana bayan rana sai abin da masana suka tsinta daga tarkace, amma hatimi yana buga hoton ciwonsa a jikin azurfa da kowane bugu, ya rarraba shi a duniya.

A nan ne darasin farko yake, kuma duk mai sha'awar wannan fanni da shi yake farawa. Idan aka ga layi a jikin kwandala, tambayar ita ce: tudu ne ko rami? In tudu ne, daga hatimi ya zo, domin azurfa ce ta shiga cikin tsaga ta cika ta, kuma lalle akwai wasu kwandaloli masu irin wannan layi a daidai wannan wuri. In kuwa rami ne, wani abu ne ya karce ta bayan ta bar gidan bugu, kuma ita kaɗai ke da shi. Abin yana da sauƙin faɗa, amma ido yana ruɗin mai shi ƙwarai, domin haske in ya zo ta wani gefe sai rami ya yi kama da tudu. Dole mai dubawa ya juya kwandalar, ya sauya inda fitila take, ya sake dubawa. Ɗalibin da ya koyi ƙin yarda da kallon farko ya riga ya samu rabin abin da ake so darasin kimiyya ya koya masa.

Tsaga ba ta komawa baya

Abu na biyu ya fi na farko daɗi. Tsaga girma take yi, ba ta taɓa warkewa. Don haka idan aka sami kwandaloli uku daga hatimi guda, ɗaya ba tsaga, ɗaya da gajeruwa, ɗaya da doguwa, an san wadda aka fara bugawa da wadda ta zo ƙarshe, ba tare da an ga wata takarda ba. Masu tara dalar nan mai tabo sun kasa ta mataki-mataki ta wannan hanya, tun daga lokacin da layin yake ɗan ƙarami a gefe har zuwa sa'ad da ya ratsa fuska. Wani lokaci ma ɓangaren hatimin yakan ɓalle gaba ɗaya a baki, sai kwandalar ta fito da dunƙulen azurfa marar zane a wurin, alamar cewa kwanan hatimin ya ƙare.

Daga nan sai a tuna cewa hatimai biyu ne ke aiki tare, kuma ba sa mutuwa rana ɗaya. In na sama ya fashe, sai a sauya shi a bar na ƙasa. Sabon na sama zai yi aiki da tsohon na ƙasa har shi ma ya gaji a sauya shi. Ta haka kowane hatimi yake riƙe da hannun wanda ya gabace shi da wanda ya biyo bayansa, a sami sarƙa. Masu nazarin kuɗin tsohuwar Girka da Rum, inda yawancin kuɗin ba su da kwanan wata kuma littattafan gidajen bugun sun ɓace tuntuni, da wannan sarƙa suke jera kuɗin bisa tsarin zamani. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Imhoof-Blumer, yana cikin waɗanda suka fara amfani da wannan dabara a ƙarni na 19. Har lissafi ma ya shigo ciki. Idan aka duba kwandaloli ɗari na wani sarki aka ga duk daga hatimai biyar suka fito, kowanne ya maimaitu sau da yawa, to da wuya a ce akwai wasu hatiman masu yawa da ba a gani ba. In kuwa aka ga kusan kowace kwandala da nata hatimin, to waɗanda ba a gani ba sun fi waɗanda aka gani, kuma sarkin ya buga kuɗi mai ɗimbin yawa. Wannan shi ne irin lissafin da masana halittu suke yi idan suna son ƙiyasta yawan ire-iren tsuntsaye ko ƙwari a daji daga 'yan waɗanda suka kama.

Dalar Morgan

Ba a sami kuɗin da aka yi wa irin wannan binciken ƙwaƙwaf kamar dalar azurfa ta Amurka da ake kira dalar Morgan ba, wato da sunan George T. Morgan, Baturen Ingila da ya zana ta. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Dalilin yawanta siyasa ce: wata doka ta 1878 ta tilasta wa baitulmalin ƙasar sayen azurfa ta dala miliyan 2 zuwa 4 kowane wata domin a buga ta kuɗi, ko jama'a na bukata ko ba sa bukata. Aka yi ta bugu cikin gaggawa a Philadelphia da New Orleans da San Francisco da Carson City, kuma gaggawa ita ce uwar kuskure.

Tun a shekarar farko aka soma. Gaggafar da ke bayan kuɗin ta fito da gashin jela takwas, ba a jima ba aka yanke shawarar mayar da su bakwai. Maimakon a zubar da hatiman da aka riga aka ƙera, sai aka danna musu sabon zane a kan tsohon, don haka akwai dalolin 1878 da ake ganin tsinin tsofaffin gashin suna leƙowa a ƙarƙashin sababbin. Gidan bugu na Carson City ya daina aiki a 1893, aka ɗauki ragowar hatimansa aka buga harafin O na New Orleans a kan haruffan CC, kuma a jikin wasu dalolin 1900 ana iya ganin inuwar tsofaffin haruffan. Akwai na 1880 da ake hango lambobin 79 a ƙarƙashin 80. Waɗannan duka tsimi ne na ma'aikatan da ba sa son asarar ƙarfe mai tsada, kuma kowanne shaida ne a kan yadda aka tafiyar da aikin.

Mutum biyu, Leroy Van Allen da A. George Mallis, su ne suka ɗauki nauyin tattara waɗannan bambance-bambance suka ba kowanne lamba, suka wallafa kundinsu a shekarun 1970. Daga farkon sunayensu aka samo kalmar VAM, wadda ake kiran kowane iri da ita har yau. Dalar nan mai tabo ita ce VAM-1B ta 1888. Lambobin sun kai dubbai, kuma ba jami'a ce ta yi aikin ba, talakawan masu sha'awa ne suka riƙa aiko da abin da suka gani ana tantancewa.

Wanda ke ganin duk wannan ɓata lokaci ne, ya dubi abin da ya faru a 2005. Akwai wasu dalolin New Orleans na 1896 da 1900 da 1902 masu ɗan ƙaramin harafin O fiye da yadda aka saba. Shekara da shekaru ana sayar da su da tsada a matsayin iri mai wuyar samu, manyan kundaye sun lissafa su. Da masana na kamfanin tantance kuɗi na PCGS suka jera su gefe da gefe, sai suka ga wasu ƙananan tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya, a jikin kuɗin shekaru daban-daban. Irin tabon nan ne da kwandala ke samu wajen gogayya da 'yan'uwanta, wanda bai kamata ya maimaitu ba ko a jikin guda biyu. Bayani ɗaya ne kawai ya dace: wani ne ya ɗauki dala ta gaskiya mai tabo ya kwafi hatimi daga jikinta, tabon ya shiga hatimin, ya riƙa fitowa a duk abin da ya buga. Jabu ne, amma da azurfa ta ƙwarai, domin a farkon ƙarni na 20 azurfar da ke cikin dala ba ta wuce rabin darajar dalar ba, saboda haka ɗan jabu yana cin riba ko bai yi algus ba. Ma'auni bai kama shi ba, gwajin azurfa bai kama shi ba, ido mai haƙuri ne ya kama shi.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba za a ɓoye ba, akwai ɓarna a cikin wannan harka. Ta farko ita ce kwaɗayi. Da zarar labarin tsadar wata kwandala ya bazu, sai kowa ya ɗauka duk layin da ya gani a jikin kuɗi arziki ne. Gaskiyar magana ita ce, ƙananan tsagogi sun yi yawa ƙwarai a jikin tsofaffin kuɗi, kuma mafi yawansu ba sa ƙara ko anini a farashi. Wanda ya shiga don neman kuɗi yakan fita da takaici, ko kuwa ya zama mai yaudarar na bayansa. Shi ma farashin ba shi da amana. Dalar New Orleans ta 1903 tana cikin mafi tsada a jerin, har zuwa ƙarshen 1962 da baitulmalin Amurka ya buɗe rumbunsa aka tarar da buhu-buhunta sababbi fil. Cikin 'yan kwanaki farashinta ya faɗi warwas. Abin da aka sani game da hatiman da suka buga ta kuwa bai ragu da komai ba, ƙaruwa ma ya yi, tunda an sami ƙarin abin dubawa.

Ta biyu ita ce wuce gona da iri. Akwai masu son a ba kowane ɗigo da kowane karce lamba, ba don ya amsa wata tambaya ba sai don a ce su suka gano. Tara bayani ba tare da tambaya ba kamar tara tsakuwa ne a buhu. Tsaga tana da amfani ne idan ta nuna wanne ya riga wanne, ko daga ina abu ya fito, ko na gaskiya ne ko jabu. Malamin da zai kawo wannan fanni cikin aji ya kamata ya fara da tambayar, kada ya fara da jerin lambobi.

Sai suka ta uku, wadda ta fi nauyi: me ya haɗa ɗalibin Zariya ko Maraɗi da dalar Amurka da ba zai taɓa riƙewa ba? Amsar ita ce ba ya bukatarta, domin ƙasar Hausa tana da tata azurfar, kuma labarinta ya fi na Morgan ban mamaki.

Liyari

Liyari, wanda tsofaffin mata suka sani a matsayin abin wuya da kayan adon amare, kuɗin ƙasar Ostiriya ne mai hoton sarauniya Mariya Tereza. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfar da ke cikinsa kashi 833 cikin dubu. Ya shigo ta hanyar fataken Sahara, ya zauna a Borno da Kano da sauran manyan kasuwanni. Matafiyin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza shi a kan wuri 2,500. Duk wanda ya juya bayansa zai ga an rubuta 1780, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa su ɗauka abin da ke hannunsu ya haura shekara 240. Sarauniyar ta rasu ne a 1780, amma fataken Larabawa da Habasha da Afirka sun riga sun amince da wannan kuɗi ba sa son a sauya masa komai, saboda haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji. An buga ɗaruruwan miliyoyi, kuma gidan buga kuɗi na Biyana yana buga shi har yanzu.

Ba Ostiriya kaɗai ta buga shi ba. A 1935, lokacin da Italiya ke shirin mamaye Habasha, ta karɓi hatimai daga Ostiriya ta riƙa bugawa a Rum. Ganin haka Ingila ta soma buga nata a Landan, daga baya a Bombai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma buga a Faris da Burasal da Bamingam. Dukkansu 1780 suka rubuta. To ta yaya za a bambanta liyarin da ya ratso Sahara a kan raƙumi zamanin Barth da wanda aka buga a Landan bayan shekara tamanin da wani abu? Ta hanyar da masu dalar Morgan suke bi. Ana ƙirga lu'ulu'un da ke kambin sarauniyar da na maɓallin da ke kafaɗarta, a duba yadda gashin jelar gaggafar mai kai biyu ya jeru, da siffar 'yar alamar gicciye da ke bayan shekarar, da yadda aka rubuta haruffa, da adon da ke tsakanin kalmomin da aka buga a kaurin gefensa. Wani mai bincike, Walter Hafner, ya tsara kundin waɗannan ire-ire, kuma da lambobinsa ake kiran su. Abin sha'awa shi ne, fataken dā ma suna ƙirga lu'ulu'un nan, in sun ga sun shafe su ƙi karɓa ko su rage farashi. Ke nan duban ƙwaƙwaf ba baƙon abu ba ne a kasuwannin da liyari ya zauna.

Akwai kuma sulallan farko na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912. Fataka da sule da sisi da taro da aka soma bugawa a 1913 na azurfa ne, kafin a koma gaurayen tagulla a 1920 saboda tsadar azurfa. Wasu suna ɗauke da ɗan ƙaramin harafin H, alamar kamfanin Heaton na Bamingam, wasu ba su da komai.

Abin damuwa shi ne wannan shaida tana ƙarewa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce wuta. Liyari ya daɗe yana zama abin da maƙeran fari ke narkarwa su ƙera zobe da warwaro da 'yan kunne, kuma duk lokacin da farashin azurfa ya tashi, ko bukata ta taso a gida, sai wasu su ƙara tafiya. Ba a zargin magajin da ya sayar don ya biya kuɗin magani, kuma hukumomi ma sun yi abin da ya fi haka: a ƙarƙashin wata doka ta 1918 Amurka ta narkar da dalolin azurfa fiye da miliyan 270, akasarin azurfar ta sayar wa Ingila domin bukatar Indiya. Amma kwandalar da ta shiga wuta ta tafi da labarinta. Idan liyaran da ke cikin tsofaffin gidajen Kano da Katsina da Damagaram akasarinsu bugun ƙarni na 19 ne, wannan yana faɗin wani abu game da cinikin Sahara. Idan kuwa bugun Landan da Bombai ne suka fi yawa, to wata hanyar suka biyo, wataƙila ta alhazai da Sudan, kuma labarin ya sauya. Tambaya ce da za a iya amsawa, matuƙar an duba kafin a narkar.

Hanya ta biyu ita ce goge-goge, kuma ita ta fi ban takaici domin da kyakkyawar niyya ake yinta. Baƙin da azurfa ke yi ba datti ba ne, wani siririn lulluɓi ne da ke samuwa idan azurfa ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska. Mai son ya ga ƙyalli sai ya ɗauko toka ko yashi ko man goge ƙarfe ya dirje ta. Abin da yake cirewa shi ne fatar azurfar kanta, tare da siraran layukan da ake nema, ya kuma bar dubban karce da ba za su gyaru ba. Ƙa'idar masu wannan fanni a ko'ina ita ce kada a goge, kuma a riƙe kwandala ta gefe, kada a ɗora yatsa a fuskarta.

Abin da ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya yi bai wuce ƙarfinta ba. Ba sai ta mallaki ko da liyari ɗaya ba, aro ya isa, da izinin mai shi, a mayar masa a ranar. Gilashi mai ƙara girma sau 10, da fitila, da maganaɗisu, da ƙaramin ma'aunin nan na masu sayar da zinariya, da wayar hannu mai ɗaukar hoto, su ne kayan aikin. A ɗauki hoton gaba da baya da gefe, a rubuta garin da aka same shi da abin da masu shi suka sani game da asalinsa, ba tare da an bayyana sunan gidan ba, saboda tsaro. A kusantar da maganaɗisu: azurfa ba ta manne masa. A auna nauyi. Sannan a ɗora kofin ruwa a kan ma'aunin a mayar da shi sifili, a rataye kwandalar da zare ta nutse ba tare da ta taɓa gindin kofin ba. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da kwandalar ta ture, wato dabarar Arkimidis da ke cikin littafin fizis. Liyari na ƙwarai zai nuna wajen giram 2.75, kuma in aka raba 28 da wannan lamba za a sami abin da ya ɗan haura 10. Jan ƙarfe bai kai 9 ba, dalma kuwa ta wuce 11. Wanda aka huda ko aka liƙa wa zoben ratayewa zai ɗan kauce wa wannan lissafi, sai a rubuta haka a gefen sakamakon. Idan makarantu goma a garuruwa goma suka yi wannan suka haɗa hotunansu a hannun sashen tarihi ko na fizis na jami'ar da ke kusa, za a iya jera su a ga ko liyarin Katsina da na Zindar sun taɓa fitowa daga ƙarƙashin hatimi ɗaya.